Zanen da Aka Ƙone a Landan

A shekarar 2021 wani shahararren mai zane na Ingila, Damien Hirst, ya fitar da zane 10,000 a kan takarda, duk ɗige-ɗige ne masu launi iri iri. Kowanne ya haɗa shi da shaidar mallaka wadda a ke kira NFT, watau rubutu ne cikin wata rajista da kwamfutoci masu yawa ke riƙe da ita, ba mai ikon kankarewa. Sa'an nan ya ce masu saye su zaɓi ɗaya, ko takarda ko shaida. Aka karɓi takarda 5,149, sauran 4,851 kuwa ya soma cinna musu wuta a ran 11 ga Oktoba, cikin 2022.

Lalle dabarar ta gwada zuciyar masu saye, amma gwanintar hannu kaɗan ce a ciki. Rajista tana faɗin mai abu, ba ta faɗin kyaunsa, kamar dai rasit ɗin doki bayan dokin ya mutu. Gwajin ma da sauran magana, gama 1,000 daga cikin waɗanda aka ware wa wuta nasa ne, shi da kansa ya zaɓa musu shaida.