Kwaɗin Mustafa Alasan da manhajar zane mai motsi

Idon ɗan Matamaye ya saba da finafinan Kano, waɗanda suka daɗe suna shigowa ta hanyar Daura da Ɗan Barto, tun daga kaset har zuwa wayar hannu. Amma in aka zo ga zane mai motsi, wato katun, yawancin abin da yaro ya sani daga Amurka ne, ko Faransa, ko Japan. Saboda haka duk ɗalibin da ya buɗe manhajar zane a kwamfutar makaranta, ko a wayar yayansa, sai a ga hannunsa ya nufi kwaikwayon waɗancan. Kaɗan ne aka taɓa gaya musu cewa wani ɗan Nijar ya yi wannan aiki tun 1965, ba da kwamfuta ba, kuma ayyukansa har yau su ne makarantar da ta fi dacewa da mai farawa.

An haifi Mustafa Alasan a 1942. Tun yana yaro yake yanka kwali yana haska shi da fitila, yana nuna wa mutanen garinsu majigin inuwa. A Yamai ya haɗu da Jean Rouch, daga nan ya tafi Kanada, inda ya koyi aiki a hukumar finafinan ƙasar, wurin da Norman McLaren yake. Ya fito da La Mort de Gandji a 1965, sai Bon voyage Sim a 1966, sannan Samba le grand a 1977, wanda ya yi da ƴan tsana. Daga baya ya zauna a Tawa, ya koma zane da kwamfuta da girmansa, har rasuwarsa a Wagadugu a watan Maris na 2015.

Bon voyage Sim bai wuce kimanin minti 5 ba. Sim kwaɗo ne, shugaban ƙasar kwaɗi, wanda ya hau jirgin sama ya kai ziyara ƙasar maƙwabta, aka tarbe shi da duk bukin da ake yi wa manyan baƙi. Baƙin layi ne kawai a kan farar takarda, babu launi, babu ado a bayan fage. Wanda ya saba da katun na talabijin zai iya cewa aikin yara ne, har sai ya lura da inda dariya take fitowa. Tana fitowa daga tafiyar ƙasaita a jikin halittar da Allah ya yi ta da tsalle, daga ɗan tsayawar da babban mutum yake yi kafin ya miƙa hannu, da kuma maimaita motsi ɗaya har mai kallo ya gane cewa bukin kansa maimaici ne. Shekara 6 kacal da samun mulkin kai, Mustafa ya riga ya ƙare wa sababbin shugabanni kallo, ya san yadda suke ɗaga kai da yadda suke taka ƙasa. Ya ba kwaɗo wannan hali, kamar yadda tatsuniya take ba Gizo halin mutane don a faɗi abin da baki ba ya iya faɗa kai tsaye.

A nan ne lissafi yake da amfani. Fim ɗin silima yana tafiya da hoto 24 a kowace daƙiƙa, masu zane kuwa sukan wadatu da 12. A kan wannan ma'auni, minti 5 na iya cin zane 3,600. Mai aiki da hannu dole ya yi tattali: ya zaɓi abin da zai motsa, ya bar saura a tsaye, ya sake amfani da zagayen tafiya guda sau da yawa. Wannan tilas ce take koya masa tambayar da ta fi kowace muhimmanci, wato wane motsi ne yake ɗauke da ma'ana.

Manhaja ta zo ta ɗauke tilas ɗin. Flash, wadda ta fito a 1996 da sunan FutureSplash kafin kamfanin Macromedia ya saye ta, ita ce ta buɗe wa talaka ƙofar sa zane mai motsi a intanet. Tana ajiye layi a matsayin lissafi, don haka aikin ba ya da nauyi, yana buɗewa ko a gidajen intanet na Damagaram na wancan lokaci, inda layin yake jan ciki. Tsarinta irin wanda kusan duk manhajojin yau suke amfani da shi ne: layin lokaci da aka yanka gurbi-gurbi, fallaye da ake ɗora wani kan wani, da manyan zanuka da mai aiki yake kafawa. Ya ajiye kwaɗo a hagu a gurbi na 1, ya ajiye shi a dama a gurbi na 24, na'ura ta cika tsakani. A darasin farko wannan abin sha'awa ne ƙwarai, kuma daga nan mafi yawan masu farawa suke ɓacewa. Kwaɗon da na'ura ta kai daga hagu zuwa dama sulɓewa yake yi kamar an ja shi da zare. Kwaɗon gaske yakan duƙa, ya tara ƙarfi, ya miƙe a sama, ya faɗo ya baje, sannan ya yi shiru kamar bai taɓa motsi ba. Duk yaron da ya yi wasa a bakin tabki da damina, ko ya bi mahaifinsa garkar rake, ya san wannan da ido. Aikin malami shi ne ya sa ya zana shi a kusurwar littafin rubutu, shafi 12, ya kaɗa da babban yatsa, kafin a kunna na'ura. In an kunna, abin da ya kamata a fara nuna masa shi ne wanda ake kira ɓawon albasa, mai barin inuwar zanen baya ta bayyana ƙarƙashin sabo, domin shi ne ya fi kusa da aikin takarda.

Akwai kuma batun daɗewa. Adobe ya sayi Macromedia a 2005, Apple ya ƙi karɓar Flash a wayoyinsa, aka daina tallafa wa manhajar da ke kunna ayyukanta a intanet ranar 31 ga Disamba 2020. Ayyuka masu yawa da aka ajiye a sigarta kaɗai sun daina buɗewa sai da dabara. Finafinan Mustafa kuwa, a 2017 gidan adana fasaha na MoMA da ke New York ya shirya musu nuni na musamman. Ƙungiyar da za ta horar da matasa ta kula da wannan: akwai manhajoji na kyauta kamar Pencil2D da Krita da Synfig, kuma kowane aiki a fitar da shi a sigar bidiyo, a adana zanukan asali daban.

Ba a ce aikin Mustafa ba ya da rauni. Sauti ne gurgun ɓangarensa, kuma sunayen finafinansa da bayanin da ke rakiyar da yawa daga cikinsu da Faransanci suke, abin da ya sa suka fi saurin isa bukukuwan Turai fiye da dandalin ƙauye. Ko Kokoa, inda ƴan tsanar kwaɗi da hawainiya suke kokowa a fili irin na gasar takobi, fim ɗin da kowane ɗan Nijar zai gane ba tare da tafinta ba, kaɗan ne suka gan shi a Kance ko Magarya. Wannan giɓi kuwa ɗalibin yau yana da abin cike shi a aljihu, tunda wayar da yake zane da ita tana ɗaukar murya, kuma kakarsa tana nan da tatsuniyoyinta da Hausar Damagaram.