Malam Zurƙe da Abu Zaidi: Tsokaci a Kan Ruwan Bagaja

Abubakar Imam yana malami a Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja, domin gasar da R. M. East ya shirya a 1933. Akasarin malamai kan koyar da littafin a matsayin labarin juriya: Alhaji Imam ya fita neman ruwan magani don ya fid da Liman kunyar da ya sha a fada, ya kuma samo. Wannan fahimta ba ƙarya ba ce, sai dai an bar jaki ana dukan taiki.

Ƙashin bayan littafin shi ne gamon Alhaji da Malam Zurƙe, gari bayan gari. Wannan tsari sananne ne ga duk almajirin da ya karanta Maƙamatul Hariri a zaure, inda Harisu yake ta cin karo da Abu Zaidi mayaudari. Amma akwai bambanci. Harisu ɗan kallo ne: yakan zargi Abu Zaidi, ya kuma yi sha'awar fasaharsa. Alhaji kuwa da shi ake damawa: ya cuci Zurƙe, Zurƙe ya rama, har mai karatu ya rasa wanda zai ba gaskiya.

Saboda haka zargin aro da ake yi wa Imam bai taka kara ya karya ba, domin ya ɗauko mai ba da labari daga gefen fage ya jefa shi tsakiya. Malamin da ya tsallake wannan ya hana ɗalibansa tambayar da littafin ya ƙunsa: shin kyakkyawar niyya tana wanke mummunar hanya?