Gwanintar Haɗa Bidiyon Yara

Wanda bai taɓa gwadawa ba zai ɗauka bidiyon yara ne mafi sauƙin haɗawa: launi mai ɗaukar ido, kiɗa mai sa tsalle, shi ke nan. Sai dai ɗan shekara huɗu ba ya yi wa kowa kara. Babba kan daure wa fim marar armashi don ya riga ya kashe datarsa. Yaro kuwa da zarar ya ƙosa sai ya dire wayar ya yi waje, ba sallama.

Masu shirin Sesame Street, wanda aka fara nunawa a Amurka a 1969, sun ɗauki wannan hali da muhimmanci. Kafin su saki shiri sukan zaunar da yara gaban talabijin, su ajiye wani allo a gefe yana sauya hotuna a kai a kai, sannan su lura da lokacin da idon yaro ya bar shirin ya koma kan allon. Inda idon ya kauce, nan ake komawa a gyara. Shirin Blue's Clues da ya zo a 1996 ya ƙara wani abu da na fi jinjina wa: mai gabatarwa zai yi tambaya, ya kalli kyamara, ya yi shiru. Ga babba shirun ya yi tsawo har ya gundure shi. Ga yaro kuwa nan ne wurinsa, nan zai ɗaga murya ya ba da amsa. Kuma kashi ɗaya suke maimaitawa kwana biyar a jere, domin yaro ba ya gajiya da abin da ya sani. Daɗi ma yake ji idan ya riga mai magana faɗa.

Tsohuwar da ke yi wa jikoki tatsuniya a ƙauyen Durun bayan sallar isha ba ta buƙaci bincike ba kafin ta san haka. Ba ta fara labari sai yara sun amsa mata. Waƙar cikin tatsuniyar takan dawo sau biyu, sau uku, har yaran su karɓe ta daga bakinta. Gizo kuma da tsamin bakinsa yake zuwa, ta yadda ko a duhu yaro ya san wa ke magana, Gizo ne ko Ƙoƙi ko Kura. Gwanin bidiyo yana yin wannan aiki ne ba tare da yana ganin fuskokin masu saurarensa ba. Dole ya ƙiyasta inda za su yi dariya da inda za su yi hamma tun yana gaban kwamfuta.

An yi ƙoƙari da Hausa. Sesame Square, reshen Najeriya na Sesame Street, ya fara a NTA a 2011 da 'yan tsana Zobi da Kami, daga baya aka yi na Hausa mai suna Dandalin Sesame. Kamfanin Ubongo na Tanzaniya, wanda aka kafa a 2013, ya juya zanensa mai motsi na Akili and Me zuwa Hausa, ana samunsa a YouTube. A wurin juyawar ne ake gane gwani. Bakin ɗan zanen ya riga ya buɗe ya rufe da wani harshe, sai a nemo jimlar Hausa da za ta shige wannan ɗan lokaci ba tare da an haɗiye rabinta ba. Waƙa ta fi wuya, domin Hausa harshe ne mai karin sauti da dogon wasali da gajere. Idan kiɗa ya ja gaɓar da bai kamata ba, kalma ta koma wata kalmar, yaro kuma ya haddace kuskuren. Darasin haruffa ma ba ya fassaruwa sam. Sai an zauna an rubuta sabo, saboda ɓ da ɗ da ƙ ba su cikin na asali.

'Yan shekara tara zuwa sha biyu wani jinsi ne daban. Ka yi musu muryar lallashi, sun tsere. Su a nuna musu yadda ake yin abu suke so, motar kara ce ko dabarar lissafi, ko a jefa musu kacici-kacici su yi gardama a kai.

Kuɗi kuma ba su cika biyo wannan wahala ba. A 2019 hukumomin Amurka sun ci tarar Google da YouTube dala miliyan 170 kan tattara bayanan yara, kuma daga Janairun 2020 duk bidiyon da aka yi wa alamar na yara ne, an rufe masa sashen sharhi, an cire masa tallan da ke bin sawun mai kallo. Mataki ne mai kyau ga yaran, amma ya rage wa masu haɗawa samu. A ƙauyukan Kabo da Gwarzo ma, yawancin kallon ba ya shiga lissafin YouTube, don a shagon caji ake tura bidiyo cikin memori, daga nan ya bi waya zuwa waya. Wanda ya san haka da shi yake aiki. Yakan taƙaita bidiyon don kada ya cika memori, ya sa murya ta fi kiɗa ƙarfi saboda ƙaramar sifikar waya, ya rubuta haruffa manya-manya a tsakiyar allo, domin ya san ba yaro ɗaya ne zai kalla ba: huɗu ne ko biyar a kan waya guda, na gefe yana leƙe ta kafaɗar yayansa.