Aƙidar "Gwamnati Ta Cire Hannu": Daɗin Ji, Wuyar Aiki

Duk wanda ya taɓa ɗoro albasa ko shanu daga Arewa zuwa Kudu ya san yawan shingaye da 'yan tikitin da ke kan hanya. Shi ya sa idan aka ce akwai wata aƙida, wai ita libatariya, mai cewa gwamnati ta rage haraji, ta bar kasuwa ta yi halinta, ta sakar wa kowa mara, sai ɗan kasuwarmu ya ce ai tamu ce wannan. To amma mu duba yadda take ƙarewa a akwatin zaɓe.

A Amurka an kafa jam'iyyarsu tun 1971, kuma har yau ba ta ci ko jiha ɗaya ba a zaɓen shugaban ƙasa. Ƙoƙarinta mafi girma shi ne na Gary Johnson a 2016, wanda ya samu kashi 3 cikin ɗari da ɗan ɗoriya. A 2024 Chase Oliver bai kai ko kashi 1 ba. Dalili kuwa, tsarin zaɓen ƙasar na wanda ya zo na ɗaya ne ya kwashe duka, saboda haka mutane na gudun asarar ƙuri'a. Manyan jam'iyyu kuma sai su tsinci abin da ya yi musu a aƙidar, kamar rage haraji, su watsar da sauran.

A Ajantina ne suka kai gaci. Javier Milei ya yi kamfe da injin yankan katako a hannu, ya ci zaɓe a Nuwamba 2023 da kusan kashi 56. Ya rage ma'aikatu daga 18 zuwa 9, ya karya darajar peso, ya zaftare tallafi. Gaskiya hauhawar farashi ta sauko sosai, wannan kam ba a musu. Sai dai talauci ya kai kusan kashi 53 a farkon rabin 2024 kafin ya sauko. Babban bankin da ya sha alwashin rufewa kuwa bai rufe shi ba.

Mu ma mun ɗanɗana makamancin wannan ranar 29 ga Mayu 2023, da aka ce tallafin mai ya tafi. Kowa ya san yadda kuɗin mota zuwa gida ya koma.

Inda nake da ja da su ke nan. Suna da gaskiya kan harajin zalunci, amma lissafinsu na mai ƙarfi ne, wanda zai iya biyan asibitin kuɗi da makarantar kuɗi. Wanda ke zaune a ƙasar da ba ta kakanninsa ba fa, wallahi ya fi kowa bukatar hukuma mai aiki. Ranar da rikici ya tashi a kasuwar Shasha ta Ibadan a 2021, jami'an tsaro aka yi ta nema, da agajin gwamnati bayan rumfuna sun ƙone.

Saboda haka, 'yan uwa, duk ɗan takarar da ya zo da zancen a bar kasuwa ta yi halinta, mu tambaye shi wane haraji zai soke, wane asibiti zai bari, kuma wa zai ɗauki nauyin talaka kafin farashi ya daidaita.