4.3 Littattafan Soyayya a Ma'aunin Ra'in Adorno da na Hall

Kamar yadda aka nuna a babi na biyu, Theodor Adorno da Max Horkheimer, 'yan Mazhabar Frankfurt ta Jamus, sun bayyana a 1947 cewa adabin da ake yi wa jama'a ya zama hajar kasuwa. A ganinsu, 'yan jari-hujja ne ke ƙera shi a kan tsari guda, su kuwa masu karatu sai su haɗiye ba tare da sun tauna ba. Wannan ra'i ya yi kusa da na Ibrahim Malumfashi, wanda ya kira littattafan soyayya da sunan Adabin Kasuwar Kano. Lalle akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin da yawa daga cikinsu zubinsu ɗaya ne: saurayi da budurwa da uban da ya ƙi.

Sai dai ra'in bai zauna daram a ƙasar Hausa ba. Na farko, ba manyan kamfanoni ne suka buga yawancin littattafan ba. Marubutan ne suka nemi kuɗi suka kai maɗaba'a da kansu, kamar yadda 'yan ƙungiyar Raina Kama suka riƙa yi. Na biyu, ra'in bai kula da abin da mai karatu ke yi da labari ba.

A nan ne ra'in Stuart Hall na 1973 ya fi dacewa. Hall ya nuna cewa saƙo ɗaya yana iya samun karatu uku: na amincewa da na sasantawa da na bijirewa. Idan aka ɗauki Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu (1990), inda aka cire Abu daga makaranta aka aurar da ita ga Sarkin Noma, daga baya ta gudu ta nemi ilimi, za a ga yadda karatun ke rabuwa a gari irin Dingyadi da ke Ƙaramar Hukumar Bodinga. Yarinyar da ake shirin yi wa aure tana tsakiyar karatu za ta ga kanta a jikin Abu. Mahaifiya kuwa tana iya yarda da karatun 'ya'ya mata, amma ta ƙi gudun da Abu ta yi. Shi kuwa uban da ke ganin aurarwa haƙƙinsa ne, zai ɗauki littafin a matsayin mai koya wa yara tsaurin ido.

Ƙona ire-iren waɗannan littattafai da gwamnatin Kano ta yi a 2007 ya ginu ne bisa zaton cewa mai karatu tulu ne, duk abin da aka zuba masa shi zai riƙe. Wannan nazari ya nuna akasin haka. Littafin ya tarar da rikicin auren dole a cikin gidaje, ya kuma ba matan kulle hanyar tattauna shi.