Daga Bandar Nama Zuwa Fashin Teku

Mu mazauna Zangon Lome ba daga nesa muke jin labarin teku ba. Duk wanda ya gangara bakin ruwa da dare zai hangi fitilun jirage jere suna jiran shiga tasha, kuma a garin nan ne shugabannin Afirka suka sa hannu kan yarjejeniyar tsaron teku a watan Oktoban 2016. Shi ya sa nake kasa kunne idan gidajen rediyon Hausa suka ɗauko labarin masu tare jirage. Kusan kullum suna ɗaya suke ba su: 'yan fashin teku. Wasu 'yan bokonmu na ganin gazawa ce, wai Turanci yana da kalmomi barkatai, Hausa ta maƙale wa guda. Ni ban yarda ba, hujjata kuwa ita ce kalmar buccaneer.

Asalinta ba ta da alaƙa da ruwa ko kaɗan. A ƙarni na 17 akwai maharba, yawancinsu Faransawa, a tsibirin da ƙasar Haiti take a yau. Sukan harbi shanu da aladun daji, su yi bandar naman a kan wani ragaya na itace da ake kira bukan, daga nan aka laƙaba musu sunan. Da Bahaushe ne ya gan su, masu banda zai ce. Da Sifaniyawa suka matsa musu, sai suka koma tare jiragen Sifaniya, sunan kuma ya bi su cikin ruwa.

Abin da ya faru bayan haka shi ne ya fi damuna. Henry Morgan, fitacce a cikinsu, ya afka wa birnin Panama a 1671, ya washe shi. Cikin 'yan shekaru Sarkin Ingila ya ba shi sarauta, aka naɗa shi mataimakin gwamnan Jamaika. Sannu a hankali littattafan labarai da finafinai suka wanke kalmar tas, har ta zama kirari. Yau jaridar Ingila kan kira ɗan kasuwa mai ƙarfin hali da ita, yabo ne kuma, ba zagi ba. A Amurka ma wata ƙungiyar ƙwallo a garin Tamfa ita ce sunanta. Wato wanda ya yi fashi don amfanin sarkinsu an ɗinka masa babbar riga, na gaɓar tekunmu kuwa pirate ne tsirara. Idan mai fassara ya ce musu duka 'yan fashi, bai rage komai ba sai rigar.

Inda nake da ƙorafi da masu fassararmu wani wuri ne daban. Dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 ta keɓe fashin da aka yi a wajen ruwan ƙasa. Abin da ya auku cikin mil 12 daga gaɓa kuwa fashi da makami ne, alhakinsa na wuyan ƙasar da ke da ruwan, ba kowane jirgin yaƙi ke da ikon kutsawa ya yi kamu ba. Wannan bambanci shi ke nuna wa za a tuhuma da sakaci, kuma wace kotu za ta yi shari'a, kamar yadda kotun Lome ta yi a 2021 lokacin da ta ɗaure mutum tara kan harin wani jirgin dakon mai. Ba sabuwar kalma nake nema ba. Mai karanta labarai ya ƙara mana jimla ɗaya kawai: a ruwan Togo aka tare jirgin, ko can tsakiyar teku?