Gaggawa da Arashi a Wasan Romiyo da Juliyet da Littafin Jiki Magayi

Manazarta adabi sun saba jingina ƙarshen duk wani labarin soyayya mai ban tausayi ga ƙaddara. Wannan maƙala na ganin kalmar ta yi faɗi, domin tana rufe bambancin da ke tsakanin arashi, wato abin da ya auku ba da shirin kowa ba, da kuma abin da mutum ya jawo da hannunsa. Za a gwada wannan ra'ayi da wasan Romiyo da Juliyet na William Shakespeare, wanda aka fara bugawa a 1597, da Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, wanda ya fito daga Zariya a tsakiyar shekarun 1930. Na biyun ƙagaggen labari ne, amma jigonsa ya kusanci na wasan ƙwarai.

Arashi a wasan Shakespeare ba ɓoyayye ba ne. Baran gidan su Juliyet bai iya karatu ba, sai ya roƙi Romiyo ya karanta masa sunayen waɗanda aka gayyata biki. Haka kuma wasiƙar da limamin coci Lawrence ya aika Mantuwa ba ta isa ba, saboda an tsare ɗan aiken bisa zargin annoba. Sai dai abin lura shi ne, a waƙar Arthur Brooke ta 1562, wadda ita ce tushen wasan, labarin ya ɗauki watanni, amma Shakespeare ya matse shi daga Lahadi zuwa asubahin Alhamis. Wannan matsi shi ya ba arashi kaifi. Da mahaifin Juliyet bai janyo ɗaurin aurenta da Faris daga Alhamis zuwa Laraba ba, da an sami sararin kwana guda. Da Romiyo ya ɗan jinkirta a kushewar kafin ya sha guba, da ya ga farkawar matarsa. Makarar wasiƙa ba ta kisa sai ta tarar da mai garaje.

A Jiki Magayi kuwa lamarin ya juya. Malam Shaihu, attajirin da bai sami haihuwa ba, ya yi amfani da dukiya ya raba Zainabu da masoyinta Abubakar. Abubakar bai yi garaje ba ko kaɗan: ya bar gari, ya sha wuya wajen neman asiri, ya kuma bar ramuwarsa ta nuna a kan Kyauta, ɗan da aka haifa a auren. Shekaru aka yi kafin yaron ya zama ɓarawo, har ya kashe mahaifinsa a wajen sata ba tare da ya san ko wane ne ba. Wannan kisa arashi ne a idon Kyauta, amma a idon mai karatu girbi ne na abin da aka daɗe da shukawa. Shi ya sa bai girgiza zuciya kamar mutuwar Romiyo, ko da yake ya fi ta muni.

Akwai wurin da littattafan biyu suka haɗu, wanda kalmar ƙaddara kan sa a tsallake shi: a kowannensu manya ne suka yanke wa yarinya aure alhali zuciyarta na wani wuri. Mai nazarin da ya fara lissafi daga wasiƙar da ba ta isa ba, ko daga daren satar Kyauta, ya wanke Kafulet da Malam Shaihu daga laifin da marubutan suka ɗora musu.